Gidan Haddon na Ingila: yadda mai gida ya janye daga zaure

A tsakiyar ƙasar Ingila, cikin lardin Derbyshire, kimanin kilomita 3 daga garin Bakewell, akwai wani tsohon gida na dutse da ke zaune bisa gangaren tudu, kogin Wye na wucewa ta ƙarƙashinsa. Sunansa Haddon. Ko wanda bai taɓa jin sunan ba, mai yiwuwa ya taɓa ganin gidan, domin masu shirya fim sun sha aron sa: sau uku aka ɗauki labarin Jane Eyre a cikinsa, a 1996 da 2006 da 2011. Yabon da aka saba yi masa a littattafan ƴan yawon buɗe ido guda ne, wai gida ne da zamani ya manta da shi, ya tsaya cak yadda mutanen dā suka bar shi. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan yabo, sai dai yana rufe abin da ya fi muhimmanci. Haddon gida ne da aka yi ta yi wa ƙari da gyara tun daga ƙarni na 12 har zuwa na 17, kuma darajarsa ta samo asali ne daga yadda kowane mai ƙari ya bar aikin wanda ya gabace shi a tsaye. Don haka ana iya karanta shi ɗaki bayan ɗaki. Abin da karatun ke nunawa kuwa shi ne yadda mai gida ya riƙa janyewa daga cikin jama'arsa, taki bayan taki, har ya bar gidan baki ɗaya.

Gidan uban ƙasa da katangarsa

Kafin a shiga ciki, ya kamata mai karatu ya san irin gidan da ake magana a kansa. A Ingila ta zamanin dā an kasa ƙasar noma kashi-kashi, kowane kashi da ubansa, wanda ke riƙe da gonaki da daji da injin niƙa, manoma na biyan shi da amfanin gona ko da aikin hannu, kuma a gidansa ake zaman shari'ar ƙananan rigingimu na yankin. Gidan irin wannan uban ƙasa bai kai fadar sarki ba, kuma ba sansanin mayaƙa ba ne. Mazauni ne, kuma ofishin mulkin ƙauye, kuma rumbun yanki. Haddon ya shiga hannun zuriyar Vernon ta hanyar aure a ƙarni na 12, ya zauna a hannunsu kusan shekara 400.

A tsakiyar shekarun 1190, Yarima John, wanda daga baya ya zama sarkin Ingila, ya ba Richard Vernon izinin kewaye gidansa da katanga, bisa sharaɗin kada tsayinta ya wuce ƙafa 12, wato mita 3 da rabi da ƴan kai, kuma kada a yi mata tsage-tsagen nan na saman ganuwa inda maharba ke fakewa. Katanga ce da za ta hana ɓarawo, ba za ta tsayar da runduna ba. Wannan ƙuntatawa ta zame wa gidan alheri. A lokacin yaƙin basasar Ingila na tsakiyar ƙarni na 17, gidajen da suka zama sansani sun sha luguden igwa, wasu kuma majalisa ta sa aka rusa su don kada a sake fakewa a ciki. Fadar Belvoir, wadda ita ma ta masu Haddon ce a lokacin, an rushe ta a 1649. Haddon kuwa ba wanda ya ga dalilin taɓa shi.

Tsarin gidan bai wahalar ganewa. Farfajiya biyu ce, ta ƙasa da ta sama, gine-gine sun kewaye kowace, babban zaure kuma ya gitta a tsakaninsu. Ba a daidaita tudun ba kafin a yi gini, shi ya sa daɓen farfajiyar ƙasa ya karkace, matakalu suka yi yawa, kusurwoyi ba su yi daidai da juna ba. Wanda idonsa ya saba da fadojin Faransa na ƙarni na 17, inda hagu ke amsa dama taga da taga, zai ga kamar rashin tsari ne. Alhali tsarin yana nan, sai dai buƙatar masu zama ce ta shata shi a tsawon ƙarnuka, ba zanen magini guda ba.

Babban zaure

Zuciyar gidan ita ce babban zauren da aka gina wajen 1370. Kalmar zaure a nan aro ce, domin ya zarce ɗakin shiga da karɓar baƙi: a cikinsa gidan duka ke cin abinci, a cikinsa ake biki da shari'a, kuma a farkon zamaninsa barori da yawa a nan suke kwana. Ɗaki ne mai tsawo da bisa, ba bene a samansa. A ƙarshensa guda akwai dandamali mai ɗan tudu da dogon tebur, mazaunin mai gida da iyalinsa da manyan baƙi. A ɗaya ƙarshen akwai katangar katako mai sassaƙa, aikin ƙarni na 15, wadda ta raba zauren da wata siririyar hanya, samanta kuma barandar makaɗa ce. Daga siririyar hanyar ƙofofi ke kaiwa ɗakin ajiyar abin sha, da na ajiyar burodi, da madafa.

Duk wanda ya tsaya a tsakiyar wannan ɗaki zai ga cewa an gina matsayin mutane a cikin daɓe. Kusancin mutum da dandamali shi ne girmansa, kusancinsa da ƙofar madafa da iskar da ke shigowa ta nan shi ne ƙanƙantarsa. Ba wurin daidaito ba ne ko kusa. Amma duk da haka rufi guda ne ya lulluɓe kowa, mai gida yana ganin wanda ke yi masa noma, shi ma yana ganin abin da ake kai wa teburin mai gida. Ikon da ake yi a gaban jama'a yana da wani nauyi na kunya da kyauta a kansa. Jikin katangar katakon akwai wani ƙarfe mai kama da mari, wanda ake ba da labarin cewa da shi ake ɗaure hannun baƙon da ya ƙi shan rabonsa a wurin biki, a tuttule masa abin shan cikin hannun riga. Ko labarin ya inganta ko ƙari ne, ya dace da ɗakin, domin wuri ne na hayaniya da cuɗanya inda ba a barin kowa ya keɓe.

Abin lura shi ne, tun ana gina irin waɗannan zauruka aka fara gudun su. Mawaƙin Ingilishi William Langland, a cikin doguwar waƙarsa mai suna Piers Plowman ta ƙarshen ƙarni na 14, ya koka da yadda masu gida da matansu suka fara ƙaurace wa zaure suna cin abinci a keɓaɓɓun ɗakuna masu murhu. Masanin tarihin gine-gine Mark Girouard, a littafinsa na 1978 kan rayuwa a manyan gidajen karkarar Ingila, ya bi sawun wannan janyewa ƙarni bayan ƙarni. Gidaje kaɗan ne ke nuna ta a fili kamar Haddon, domin a nan kowane zango na tafiyar yana tsaye da bangonsa.

Daga dandamali zuwa dogon ɗaki

Zango na farko yana bayan dandamali. Wajen 1500, Henry Vernon, wanda Sarki Henri na 7 ya ɗora wa kula da tarbiyya da baitulmalin ɗansa Yarima Arthur, ya gyara wannan ɓangare ya fitar da ɗakin cin abinci na iyali a ƙasa da babban ɗakin hutawa a sama. Ɗakin cin abincin gajere ne, mai ɗumi, mutum na iya ɗaga kai ya karanta zanen da ke rufinsa: furen wardi na gidan sarautar Tudor, da farin kare wanda shi ne tambarin dangin matarsa, Anne Talbot. A 1545 jikansa George Vernon ya lulluɓe bangon da allunan itacen ok masu sassaƙa, ya sa aka jera tamburan danginsu da na surukansu, da rubutu a saman murhu mai kira ga tsoron Allah da girmama sarki. Adon wannan ɗaki ba manomi aka yi wa ba. Sa'o'in mai gida aka yi wa, waɗanda suka iya karanta tambari, suka san wace ƴa aka aurar wa wane gida da abin da ta zo da shi.

George Vernon, wanda saboda yawan dukiya da buɗaɗɗen hannu aka yi wa laƙabi da sarkin yankin tsaunukan nan, bai bar ɗa namiji ba. Ƴarsa Dorothy ta auri John Manners, ɗan mai sarautar Rutland, a 1563, ta haka Haddon ya koma zuriyar Manners, kuma yana hannunsu har yau. John Manners ne ya yi zango na biyu, wato dogon ɗakin da ke bene a ɓangaren kudu, wanda aka kammala wajen 1600. Tsawonsa ƙafa 110 ne, faɗinsa 17, wato kimanin mita 33 da rabi a kan mita 5. Manyan tagogi sun buɗe shi ta gefe uku, wasu sun turo waje sun yi lungunan zama. An dasa ƙananan gilasan tagogin a karkace, kowane da inda ya fuskanta, don haka daga lambu sai a ga suna walƙiya kamar ruwan da iska ta kaɗa. An yi wa allunan bangon launi mai haske, an sassaƙa ɗawisun Manners da kan aladen daji na Vernon suna bin juna, shaidar haɗuwar gidajen biyu.

Ta fuskar kyau, wannan ne ɗakin da ya fi kowane a gidan, kuma ba za a yi jayayya da masu yabon sa ba. Haske na shigowa ta ko'ina, ado bai yi wa ido yawa ba, faɗin ya yi daidai da tafiyar mutum biyu ko uku kafaɗa da kafaɗa. Amma a tambayi aikinsa. An yi shi ne don iyalin gida da baƙinsu su yi shawagi a ranakun ruwa da sanyi, su yi hira, su kalli lambu da kogi daga sama. Ba a cin abincin gayya a nan, ba a zaman shari'a, mai kawo kuka ba ya isowa. Tsakanin dandamalin 1370 da wannan ɗaki taku kaɗan ne da ƴan matakalu, amma a tsakaninsu mai gida ya tashi daga mutumin da jama'a ke gani kullum ya koma wanda ke hangen ƙasarsa ta gilashi.

Almarar da ta rufe ginin

A kan wannan ɗaki ne aka ɗora labarin da ya fi yawo game da Haddon. Wai mahaifin Dorothy bai yarda da John Manners ba, sai ta sulale daga wurin rawa da dare, ta bi wata ƙofa da matakalar lambu, ta tarar da masoyinta a bakin gada suka gudu. Labarin ya bayyana a rubuce ne a ƙarni na 19, sama da shekara 250 bayan auren. Daga nan ya zama wasan waƙa na Arthur Sullivan a 1892, ya zama littafin Charles Major a 1902, ya zama fim da Mary Pickford a 1924. Ginin da kansa ya ƙaryata shi, domin dogon ɗakin da matakalar da ake nuna wa maziyarta duk bayan auren aka yi su. Auren kuwa na ƴar mai dukiya ne da ɗan babban basarake, irin wanda iyaye ke nema ruwa a jallo.

Illar wannan almara ita ce ta sauya abin da ido ke nema. Maziyarci kan iso yana cigiyar ƙofar da budurwa ta bi, ya wuce madafa da sauri, alhali madafar ce shaida mafi ƙarfi a gidan. Tana nan da manyan murahunta, da tandunan burodi, da kwamin dutse na tara ruwa, da gungumen sara nama, da teburan da hannun masu aiki ya cinye har suka yi rami, da wurin gishirta nama don ajiyar hunturu. Duhu ne da ita, tagoginta ƙanana. Ba tambarin kowa a bangonta. Waɗanda suka yi aiki a nan ɗaruruwan shekaru ba su bar suna ba, sai lotsawar da ƙafafunsu suka yi wa dutsen bakin ƙofa.

Haka kuma ƙaramar majami'ar gidan, wadda wani sashenta ya kai ƙarni na 12, tagarta ta gabas kuma na ɗauke da shekarar 1427. A ƙarni na 15 aka zane bangonta da hotunan waliyyan Kirista, da ganyaye, da ƙwarangwal uku masu tuna wa mai rai makomarsa. Bayan sauyin addini na ƙarni na 16 aka shafe su da farar ƙasa, farar ƙasar kuma ta adana su har aka kankare ta a ƙarni na 20. A da majami'ar ta mutanen ƙauyen Nether Haddon ce su ma. Ƙauyen ya ɓace, majami'ar ta rage ta iyalin gida kaɗai. A shekarun 1640 da 1650 kuma masu haƙar darma na yankin sun yi doguwar rigima da mai Haddon kan ƴancin haƙa a ƙasarsa. Ba ɗakin da ke ba da wannan labari, sai mai karatu ya shigo da shi daga waje.

Bari da gyara

Zango na ƙarshe shi ne tafiya. A 1641 reshen Haddon ya gaji sarautar Rutland, a 1703 aka ɗaga sarautar zuwa matakin ƙoli na sarautun ƙasar, iyalin kuma suka tare a Belvoir da aka sake ginawa. Haddon ya zauna kusan babu kowa har shekara 200, ana dai kula da rufi, mai gadi na zagayawa da baƙi. Wani hanin ga Allah baiwa ne. A waɗannan shekaru ne masu kuɗin Ingila suka yi ta rushe tsofaffin gidajensu ko su sake musu fuska irin ta Italiya da Faransa. Maƙwabcinsa Chatsworth an fara sake gina shi tun 1687, har tsohon gidan ya nutse cikin sabo. Haddon ya tsira ne domin masu shi sun sami inda ya fi shi, ba su ga amfanin kashe masa kuɗin ado ba.

Wanda ya dawo da rai gidan shi ne John Manners, na 9 a jerin masu babbar sarautar, wanda ya rayu daga 1886 zuwa 1940, ya kuma yi mafi yawan aikin a shekarun 1920. A lokacin akwai hanyoyi biyu sanannu na taɓa tsohon gini. Ta farko ita ce ta Viollet-le-Duc a Faransa, wanda a Carcassonne da Pierrefonds ya cike abin da ya ɓace bisa yadda ya ga ya kamata ginin ya kasance, ko da bai taɓa kasancewa haka ba. Ta biyu ita ce ta John Ruskin da William Morris, wanda ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877, masu cewa a tallafi abin da ke tsaye, a toshe yoyo, kada a ƙirƙiro tsufa. Gyaran Haddon ya fi karkata ga ta biyu. Misali mafi kyau shi ne madafa: maimakon a zamanantar da ita, sai aka yi sabuwa a ginin barga, aka haɗa ta da gidan ta hanyar ƙarƙashin ƙasa, tsohuwar ta zauna yadda take. Garin neman gira akan rasa ido, shi kuwa mai gyaran nan ya san inda zai tsaya.

Duk da haka, bai kamata a ce hannunsa bai bar alama ba. Rufin katakon babban zaure, wanda baƙo ke ɗaga kai ya yaba a matsayin aikin mutanen dā, sabo ne, an yi shi a shekarun 1920. Sassaƙen farin dutse da ke bayan bagadin majami'a tsoho ne, amma saye aka yi aka kawo. Kusa da shi akwai siffar marmara ta yaro kwance, wan mai gyaran ne da ya rasu a 1894 yana ɗan shekara 9, mahaifiyarsu ce ta tsara ta. Gobarar 1925 ta cinye da yawa daga saƙaƙƙun dardumomin bango na gidan, don haka waɗanda ke rataye yau ragowa ce. Ɗakunan kuma an bar su da kaya kaɗan, shiru, fes, yadda idon ƙarni na 20 ke son ganin tsufa. Zauren 1370 bai taɓa zama haka ba sa'ad da yake aiki, cike yake da hayaƙi da karnuka da ƙaurin nama da muryoyin mutane da yawa.

Hukuncin da ya dace da Haddon ke nan yana da fuska biyu. A matsayin gini ya cancanci sunan da ya yi, kuma gyaran da aka yi masa abin koyi ne ga duk mai riƙe da tsohon gida, domin ya nuna ana iya zama cikin gini ba tare da an shafe shekarunsa ba. A matsayin shaidar tarihi kuwa, sai an karanta shi da lura. Malamin da zai nuna wa ɗalibai hotunansa zai fi amfanar su in ya fara da taswirar gidan, ya sa su bi hanyar da akushi ke bi daga madafa zuwa dandamali, sa'an nan su bi hanyar da mai gida ya bi daga dandamali zuwa ɗakin cin abinci, zuwa bene, zuwa Belvoir. A kowace ƙofa su tambayi wa ke da izinin wucewa, wa kuma ke tsayawa a bakinta. Amsoshin suna nan a faɗin ƙofofin, da girman tagogin, da wuraren da dutsen daɓe ya fi lotsawa.